Hoton Baba A Ƙirjina

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaune a gidanmu a Dala ina jiran aiki. Mutum ne ni mai yawan tsoron kuskure, ko saƙo zan tura sai na karanta shi sau da yawa. Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, yana fama da ciwon ƙoda, ni nake raka shi wankin ƙoda. Ya ɓoye ciwon ga kowa. Idan ba a gan shi a majalisa ba, cewa muke ya je duba 'yan'uwa.

Wani abokin karatuna ya ce min ƙungiyarsu na shirya gudu don tallafa wa masu ciwon ƙoda, suna neman hoton majinyaci da za su nuna wa masu bayar da taimako, a ofis kawai, in ji shi. Na yi ta juya maganar, na kasa tambayar Baba don na san amsar da zai ba ni. Daga ƙarshe na ɗauke shi yana barci a gadon asibiti, ba hula, daga shi sai singileti, fuska a kumbure. Na tura, na kuma sa sunana cikin masu gudu, ko da yake rabona da gudu tun firamare.

Ranar gudun da safe a Ƙofar Mata aka raba mana riguna. Ina warware tawa na ga Baba a ƙirjinta. Na je wurin abokin nan, ya yi dariya ya ce ai hoton ya fi kowanne taɓa zuciya, in daina ƙauyanci. Na yi tunanin in juya rigar baibai, sai na ji kunyar a ga na fita daban. Na ce wa raina da gudu za mu wuce, wa zai lura? Wataƙila da haka ta kasance da na iya gudun. Amma na fizga da ƙarfi tun farko cikin sabon takalmi, kafin mu kai Dala gefen cikina ya ɗaure, na yi amai a bakin kwata, na zube a kan wani dakali. Dakalin majalisar su Baba ne. Wani dattijo amininsa ya kawo min ruwa a buta, ya sunkuya ya ƙura wa ƙirjina ido, ya tambaye ni a hankali ko wannan ba Malam ba ne.

A adaidaita aka ƙarasa da ni Goron Dutse, inda gudun ya ƙare. Can na tarar ana kiɗa, ana ɗaukar hotuna, samari sun tuɓe rigunan suna goge gumi da fuskar mahaifina. Direban wani babban baƙo kuwa da ita yake share gilashin mota. Ban taɓa jin ƙyamar taro irin ta ranar ba, kuma ina jin ƙyamar kaina ta fi.

Kafin la'asar gidanmu ya cika da masu dubiya. Baba ya karɓe su da fara'a. Da suka watse bai yi min faɗa ba, ya tambaye ni kawai ko barci yake yi lokacin da na ɗauka. Na ce e. Ya gyaɗa kai.

Ba na cewa duk masu shirya irin wannan gudu haka suke, ban sani ba. Abin da na koya shi ne ciwon mutum nasa ne, shi yake da ikon bayyana shi, ko da kai kake jinyarsa. Duk wanda aka nemi hoton majinyacinsa, don Allah ya tashe shi ya tambaye shi. Har yau ni nake kai Baba asibiti, amma idan an zo ɗora shi a gado, yakan ce in jira shi a waje.