Farin Dutsen Yangjin

Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan shayi, Yangjin takan fita ƙofar gida ta ƙona ɗan ganyen shukpa, wani itace mai ƙamshi, a kan wani falalen dutse. Hayaƙin ya miƙe da ƙamshinsa, ita kuma ta tsaya tana kallon inda ya nufa.

A garinmu Thame, mace takan yi haka idan mijinta ya tafi hawan tsaunukan ƙanƙara. Ranar da ya sauko, sai ta daina. Mijin Yangjin, Urken, wana ne. Bai sauko ba.

Tare muka tafi a shekarar, muna ɗaukar wa baƙi masu hawan tsauni kaya. Ƙanƙara ta ɓalle daga sama, ta wuce da shi cikin wata tsaga. Muka zura igiya, igiya ta ƙare, ramin bai ƙare ba. Mu da muka dawo, kowa da yadda ya yi da abin. Gyalzen ya kama giya. Phurba ya koma hawa, dariyarsa ta fi ta da ƙarfi. Ni na kyautar da takalmana, na koma kiwon yak, shanun nan namu masu dogon gashi.

Lama, malamin addininmu, ya yi addu'o'in mamaci a kan rigar Urken, tunda babu gawa. Muka tara masa duwatsu a tudun da ke tsallaken gada. A gidanmu, matar mamaci ce ke ɗora farin dutse a samansu. Wannan ita ce sallama, da ita mamaci ke sanin an sake shi ya kama hanyarsa. Yangjin ta tsinto dutsen a bakin kogi, ta wanke shi tas, ta ajiye a taga. Gari na wayewa ta kunna shukpa.

Lama ya yi mata magana sau ɗaya, a hankali, ya ce wanda ake riƙe wa gefen riga ba ya nisa. Ta zuba masa shayi, ta ƙara masa man shanu.

Ni ma nakan taɓo mata maganar.

"Yaya, dutsen nan ya kusa yin saiwa a taga."

"Kai da ka kasa riƙe igiyar yak, kai ne za ka koya mini aiki? Ci dankalinka."

"Shukpan garin nan duk kin ƙarar."

"In ya ƙare, gemunka zan ƙona. Wan naka bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Ranar aurenmu ma sai da abinci ya huce."

Muka yi dariya. Ba ta ɗago kai ba.

Shekaru suka tura, 'ya'yanta suka koma Kathmandu. Ƙanƙarar tsaunin ta fara narkewa tana ja da baya, tana amayo abin da ta haɗiye: safar hannu, guntun igiya, takalmi wari ɗaya. Duk abin da masu dako suka sauko da shi, sai ta je ta gani. Ta juya shi, ta mayar. "Ba nasa ba ne, ƙafarsa ta fi haka." Ban taɓa gane ko daɗi take ji ko akasinsa ba.

Bara, da aka gama haƙar dankali, ta kira ni.

"Tharke, na yi mafarkinsa. Ya gaji da tsayuwa."

Ta sa dutsen a aljihun rigarta. Na ce in riƙe mata, ta harare ni. Muka kama hanya, tana tafe tana hutawa. A bakin gada numfashi ya gagare ta. Ta fito da dutsen, ta ɗora a kan katangar gonar da ke wurin.

"Ya jira ni nan. Gobe na ƙarasa."

Na goyo ta zuwa gida. Ba ta sake fita da ƙafarta ba.

Dutsen yana nan kan katangar. Masu dako suna wucewa, yara suna wucewa, babu mai taɓa shi. Daga nan zuwa tudun Urken, ko tsoho irina ba ya buƙatar hutu.