Mai Gyaran Dakalin Luba

A tashar Ɗanbatta, Luba mai tuwo tana satar kallon baƙon da ke liƙe mata gefen dakalin girkinta da ya ɓantare. Dogo ne ramamme, rigarsa ta yi masa yawa. Hannun dai ya san aiki. Da gani ya taɓa gina gidan kansa. Amma sam ya ƙi juya wa titi baya, a karkace yake shafa simintin.

Sai ga babura sun shigo a jere. Ya saki cokalin gini, ya maƙure bayan tukwane.

"'Yan acaɓa ne fa, Malam," in ji Luba.

"A garinmu ma haka muka ce, Hajiya, ranar da 'yan bindiga suka shigo."

Luba ta ajiye muciya, ta ƙura wa baburan ido.