A Kafaɗa Muka Ɗauke Ki, Yaya Monica

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Disamba, 1991, ɗanki Philip ya same ni a bakin kasuwar Bwari, ya durƙusa ya ce, "Kawu, Mama ta tafi." A makon da ya gabata ne aka yi bikin dawo da fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja, tutocin ma ba a sauke su ba. Ni ban ga abin biki ba tun farko. Yanzu kuma ke, wadda kika rage mini a cikin 'ya'yan mahaifinmu, kin bar ni.

Ni aka kai makarantar mishan, ke aka bar ki da gonar doya da yumɓu, ba ki taɓa yi mini gori ba. Na zama hedimasta, ni ke yin karatu a gaban jama'a ranar Lahadi. Da aka ce babban birnin ƙasa zai zo ƙasarmu, na ɗauka haske ne ya zo. Katafila ce ta zo. Ta ci makarantar, ta ci cocin, ta bi ta kan kabarin Baba da na matata Larai. Yau kwalta ce shimfiɗe a wurin. Na taɓa zuwa na tsaya a gefen titin, wajen Wuse, ina neman inda ɗorawar gidanmu take, sai wani direban tasi ya leƙo ya ce, "Baba, ka sha ne?"

Daga nan na daina shiga coci. Na ce Allahn da bai tsare kabari ba, ban ga yadda zai tsare mai rai ba. Fastoci sun zo, na kore su da Turanci. Gidan burkutu ya zama majami'ata, shekaru suka yi ta wucewa.

Ke ba ki taɓa yi mini wa'azi ba. Duk ranar kasuwa kikan taso daga Ushafa da tukwanenki a kafaɗa, yadda matanmu suke ɗaukar kaya tun kakanni, ki biyo ta ɗakina ki ajiye doya da daddawa, ki share wurin kina mita. Ke ma an taɓa ki. Gonar mijinki tana ƙarƙashin ruwan dam, 'yarki Vivian ta mutu wurin haihuwa. Duk da haka ke ce mai buga tulu a zumuntar mata, muryarki ta fi ta kowa. Wannan ya riƙa ba ni haushi, ban ɓoye miki ba.

Wata rana na fara lissafa miki abin da aka yi mana, kamar kullum, sai kika katse ni.

"Ticha, boko ya ɓata ka. Kai ɗan Gbagyi ne, amma ka ɗora kaya a ka. Mu a kafaɗa muke ɗauka, kai na tunani ne."

Na ce wannan kayan ya fi ƙarfin kafaɗa.

"Je ka dubi hoton Yesu a cocinmu," in ji ki. "Ina ya ɗora gicciyen? A kafaɗa. Namu ne, Bagwari ne!"

Na yi dariya har na yi tari, abin da na daɗe ban yi ba. Amma ban je ba. Kin sha cewa za ki ga ƙafata a coci kafin ki mutu. Ba ki gani ba.

Ranar jana'izarki na yi niyyar tsayawa a waje. Da samari suka zo ɗaga akwatin daga gida, sai na ga kaina na kutsa tsakaninsu. Philip ya ce, "Kawu, ba za ka iya ba." Na ce ya matsa. Na sa kafaɗata. Muka bi hanya har ƙofar coci, a nan na gane abin da kika yi mini. Wanda ke ɗauke da gawa ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Na shiga. Hoton yana nan a bango, ya koɗe, gicciyen a kafaɗa kamar yadda kika faɗa.

Ba zan ce na warke ba. Larai tana nan ƙarƙashin kwalta, ba wanda zai dawo mana da ƙasarmu, waɗanda suka zo ba su ma san sunan ƙauyenmu ba. Sai dai ranar Lahadin da ta biyo baya na koma da ƙafata, na zauna a bencin baya. Da mata suka ɗauki waƙar da kike ja, wata tana buga tulunki, sai na tarar hannuwana suna tafi. Na yi kuka, amma ba irin kukan da na saba ba. Na ce a raina, in akwai tashin matattu, kwalta ba za ta hana shi ba.

Ubangiji Yesu ya karɓe ki, ya yi miki jinƙai, ya sauke miki duk kayan da kika ɗauka, har da ni. Ga mijinki Baba Saleh, da 'ya'yanki Philip da Rekiya da jikoki, da matan zumunta na Ushafa, Allah ya ta'azantar da ku, ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Kafaɗata tana ciwo har yanzu, Yaya. Ban shafa mata komai ba.

Ƙaninki,
Edward