Ma'u mai kwalfar karofi a Bungudu

Da an idar da sallar asuba, Malam Ma'u zai ɗaura walki ya nufi karofi, inda marinan Bungudu suke da ramukansu. Shi ba ya rini. Aikinsa kwalfe ramin da shuninsa ya mutu, ya kwaso dagwalo, baƙar lakar nan mai wari da ke kwanciya a ƙasa. Shekara talatin ya yi yana wannan aiki, kuma har yau ko a masallaci hanci ne ke fara sanar da isowarsa.

A wasu garuruwa watsar da dagwalo ake yi a fili, ruwan ya tsiyaye, a ƙona lakar a samu katsi, tokar da ake shafe rami da ita. Ma'u kuwa gurbi uku ya haƙa, kowanne ƙasa da ɗan'uwansa, ya shafe su sumul. Zai zuba a na sama ya bar shi kwana uku, lakar ta kwanta ta yi kauri, sannan ya zare toshiya ruwan ya gangara na biyu, daga nan na uku, har ya fito garau. Mun sha yi masa dariya, ni ma a ciki, muna ce masa mai tatsar laka.

Sai ga shekarar yunwa, rijiyoyi suka ja baya, aka hana marina ɗiban ruwa. Sahabi, marini mai iyali tara, ya ɗaure kaya zai yi Tsafe, matarsa Zainabu da tsohon ciki. Ma'u ya tare shi a ƙofar gida.

"Ina za ka da ita cikin ranag ga?"

"Malam, rame ba ruwa, mi za mu ci?"

"Ruwan na nan, gajiya ɗai ya yi. Ba ni kwana ukku."

Da ruwan da ya tato aka tayar da ramin Sahabi, aka ƙara wasu ramuka huɗu, masu su suka ci abinci har damina. Zainabu ta haihu a ɗakinta. Waɗanda suka kama hanya a watan nan, da yawa ba mu sake jin labarinsu ba.

Malam Ma'u, kai ne mai shiga inda kowa ke toshe hanci. Dariyar da na yi maka tana ba ni kunya. Bana gwiwa ta zaunar da kai, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma marina masu sauran ƙarfi, ku je ya nuna muku tatsar laka tun yana iya nunawa. Jiya na iske shi ya rarrafo bakin karofi yana jiran mai tambaya, har azahar ba wanda ya zo.