Asun Ruhewa

A Gwandu aka haife ni, kuma tun ban kai ɗaukar tulu ba kakata ta koya mini bambanta asu. Mai kaurin jiki da gashi, wanda in ya sauka yake kifa fukafukai kamar jinka, wannan na daji ne, ba ruwansa da kowa. Na tufafi yana da ɗan jan gashi a ka. Mugun shi ne na hatsi: ƙarami, launin kara, fukafukansa sirara masu tsini, da geza a bakinsu. Har yau, da idona ya dushe, ku kawo mini shi a tafin hannu in faɗa muku.

Aure ya kai ni Kalgo, lokacin Turawa ba su tafi ba. Wata shekara maigidana ya zuba geronmu a ruhewa, wato rumbun laka, har da irin shuka, ya liƙe bakinta da laka, ya tafi cin rani. A gidansu mace ba ta leƙa ruhewar miji. Sai shi, ko wansa.

Ina shara da hantsi na ga abu ya fito ta wata tsaga a jikin ruhewar. Na danne shi da yatsa, na buɗe fiffiken. Ga geza.

Na tarar da wan mijina yana tufka igiya, na durƙusa.

"Yaya, asu ya shiga geron nan. A buɗe a shanya, a zuba toka."

Ya dubi yatsana ya yi dariya. "Wannan ɗan abin? Ke dai tuwon gero kike marmari. Mai ita ya liƙe, mai ita zai buɗe."

"Yaya, irin shuka na ciki."

"Na ji. Tashi."

Na tashi. Na kwaɓa laka na toshe tsagar, wata ta buɗe. Na yi hayaƙin barkono a ƙarƙashi, ni na sha tari. Kullum ina wucewa ta gabanta da tulu, suna fitowa, ina ganin gezarsu. Tsani yana jingine a nan kusa, ban taɓa shi ba.

Da hadari ya fara haɗuwa maigida ya dawo. Ya hau, ya fasa lakar, suka tashi masa a fuska. Ya ciro zangarniya ya murza, sai gari da saƙa. Yana daga sama ya dube ni ya ce, "Babu ko na shuka."

Ni kuwa ina ƙasa, riƙe da ƙwaryar da na kawo don karɓar iri.