Randar da Ke Cikin Rediyona

Jiya na ji ƙaurin dalma a kasuwa, sai na tuna Baba mai gyaran rediyo a Limawa. Ina ajin yaƙi da jahilci rediyona ya fara gurnani duk sanda wuta ta yi rawa, kuma ta rediyon nake bin darasi. Na kai masa, na ce, "Baba, in ba za ka iya ba, faɗa min."

Ya ɗora min wata ƙatuwar aba ta cikin rediyo mai suna kwandansa a hannu. "Randa ce, 'yata. Tana tara wuta ta saki a hankali. Karanta min lambarta, idona ya gaza."

Ban taɓa karatu gaban mutane ba sai ranar. Ya liƙa ta da dalma, gurnani ya ɗauke. Allah ya haskaka kabarinsa.