Robar kitso ta kusa raba ni da haƙorana na gaba

Salama ga 'yan uwa da abokan arziki. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, labarin nan kuma ko 'ya'yana ba su san shi duka ba. Jiya na tarar da jikata, roba a hannunta, tana kallon bidiyon wata yarinya da ke ɗaure haƙoranta da roba wai don su miƙe. Sai na ce shirun ya isa haka.

A Minna na tashi, bayan tashar jirgin ƙasa. Ina aji biyu na sakandare, zamanin mulkin soja, haƙorana biyu na sama sun turo gaba sun kuma ware. Zomanya ake kirana a makaranta. Ni kuwa ga son dariya, sai na koyi yin ta da hannu a baki.

Mun ji ana sa waya a gyara haƙora, amma sai an je Legas, kuɗin kuma ya fi ƙarfin Baba da kekensa na ɗinki.

Ƙanwar Baba, Goggo Hajo, kitso take yi a Chanchaga, kuma duk cikin 'ya'yan gidanmu ni ce 'yar lelenta. Ita ta ce abin da ke tattara gashi ai zai tattara haƙori. Ta ɗauko 'yar siririyar robar da take ɗaure bakin kitso, ta zagaye haƙoran biyu da ita. Wallahi don ƙauna ta yi.

Da farko abin ya yi kamar gaske, haƙoran suka fara matsowa. Wata safiya na tashi ban ga robar ba. Muka ɗauka na haɗiye ta cikin barci, har Inna tana tsokanata.

Ashe ba ta je ko'ina ba. Sulalewa ta yi ta shige ƙarƙashin dasashi, ta ci gaba da hawa tana shaƙe saiwar haƙoran.

Sai jini in na goga aswaki. Sai kumburi, sai wari, sai mugunya. Muka yi ta ruwan gishiri da kanumfari. Ranar da na gatsa biredi na ji haƙoran suna girgiɗa, na tsorata ƙwarai. Ina budurwa, a ce ba ni da haƙoran gaba?

A asibiti muka yanki kati, muka yi layi tun da sassafe. Aka ɗauki hoto. Likitan, wani mutumin kudu da ke ce min “kai” in yana Hausa, ya ce ƙashi ya zaizaye amma bai ga dalili ba, don roba ba ta fitowa a hoto. Ya yi ta tambaya ko na faɗi, ko an buge ni. Ni da Inna ba wanda ya tuna da wata roba.

Goggo ce daga bakin ƙofa ta ce, “Likita, ni na ɗaura mata robar kitso. Ba mu kuma ga inda ta faɗi ba.”

Ya ajiye hoton. Bai yi mata faɗa ba, ya dai ce gobe za a buɗe.

Aka yi min allurar kashe zafi, aka tsaga dasashin, likitan ya zaro robar baƙa wuluk ya nuna mana. Aka ɗinke, aka haɗa haƙoran da na kusa da su da siririyar waya don su daina motsi. Ya ce bai yi alkawari ba, mai yiwuwa a cire su duka biyun.

Na ce masa da bakin da ya kumbura, “Ba za a cire ba. Faɗa min abin da zan yi kawai.”

Na kuwa yi. Ba cizo da gaba, ba rake, ba ƙuli-ƙuli, ba gasasshiyar masara wadda ita ce abin da na fi so a duniya. Wanke baki bayan kowane abinci. Goggo ta rage kitso, kullum tana shigo mota daga Chanchaga da kwanon kunu ko faten doya. Ba ta iya haɗa ido da ni.

Da haƙoran suka kama, bayan watanni, aka auna bakina aka yi min wani ɗan faranti na roba mai waya guda a gaba, wanda ake sawa a cire. Shi ne ya riƙa tura su baya a hankali, likita yana dubawa yana ƙara matse shi. Inna ta sayar da akuyarta aka biya.

Farantin nan ya ba ni wuya. Magana ba ta fita daidai, miyau na zuba, 'yan aji suna kwaikwayona. Ban cire ba sai in zan ci abinci. Malami ya ce in tashi in yi karatu, na tashi na yi da shi a bakina, mai dariya ya yi ta yi.

Damina biyu suka wuce kafin likita ya ce in gwada cizo. Daga asibiti Chanchaga na nufa, na sayi masara a bakin hanya, na zauna gaban Goggo na gatsa. Ta karɓe ta daga hannuna tana jujjuyawa, tana duba ko haƙori ya maƙale a jiki. Da ba ta ga komai ba sai ta zauna a kan turmi ta yi ta kuka. Ranar ta fara kallon fuskata.

Alhamdulillah. Allah Ya jiƙan Inna da Goggo, Ya saka wa likitan nan duk inda yake.

Don Allah, kada a ɗaura wa haƙori roba ko zare a gida, ko wa ya ce ya gwada. Akwai hanyoyin gyara ban da waya, amma likitan haƙori ne zai duba ya zaɓa. In an riga an ɗaura ta ɓace, a faɗa masa, don ba zai gan ta a hoto ba. Jini ko girgiɗa kuwa, kada a jira.

Haƙoran biyu suna nan. Na hagun ya ɗan karkace har yau, na kuma bar shi haka. Da su na yi wa jikata murmushi jiya, na ce ta miƙo min robar da ke hannunta.